Hirar Gaban Mota da 'Yar Fari

A shekarar da cutar bushiya ta shiga shanu, har na yi wata biyu ba na ɗauko komai a bayan mota sai ƙiraga, a shekarar aka yaye 'yata ta fari. Ban manta ba, domin ranar da na kai ta gidan Inna, mahaifiyata, a ƙauyenmu na gefen Ruwan Bago, warin fata bai bar motar ba. Ƙanwar matata da ta riƙo ta ta toshe hanci da bakin mayafi tun daga Karaye har muka isa.

Ni direban a-kori-kura ne a lokacin. Motar ta wani ɗan kasuwa ce, ina ɗaukar mutane da kaya tsakanin Karaye da Rogo da ƙauyukan da ke gefe. Yarinyar kuwa, da yake ta fari ce, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa ba. Haka muka taso muka ga ana yi. Matata Bafulatana ce, 'yar garin Fulatan, kunyarta ta ninka tawa. Ko yarinyar ta faɗi a gabanta, sai dai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga ta. Da aka yaye ta aka ba Inna, kowa ya ce an yi daidai. A gida muna ce mata 'yar Inna.

Abu ɗaya ne babu wanda ya tsaya ya yi tunani a kansa. Inna ba ta ji. Sanƙarau ya kama ta tun ina saurayi, ya tafi da kunnuwanta duka biyu. Tana iya magana, amma da yake ba ta jin amsa, sai ta daina wahalar da kanta. Gidanta kuma a ƙarshen gari yake, bayan gonar yayana, daga ita sai awakinta sai tukunyar daddawa. Ba ta barin yarinyar ta fita, don tana tsoron rijiyar da ke bakin hanya. Ta ciyar da ita, ta yi mata kitso, ta goya ta, ta so ta iyakar so. Amma a gidan nan ana iya wuni ba a ji muryar ɗan Adam ba.

Shekara biyu suka wuce. Yarinya ta kai huɗu ba ta ce uffan ba. In tana son ruwa sai ta nuna randa da leɓe, in tana son Inna ta juyo sai ta ja mata zane, daidai yadda kowa ke yi wa Inna.

Da ruwan farko ya sauka, Yaya ya same ni a tasha ina duba man mota. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi gona. Sai ya ce, "Kai direba, 'yar Inna linzami ne da ita. Harshenta a ɗaure yake ta ƙasa. Na yi magana da wanzamin nan na kasuwar Rogo, ya ce aikin minti ɗaya ne. Da zarar an cire gyaɗa zan kai ta."

Na sunkuyar da kai na ce, "Duk yadda kuka gani, Yaya." Ba ni da bakin magana a kan 'yar fari, shi ke da shi.

Amma na tuna wani abu. Shekaru uku kafin nan na ɗauki wani yaron maƙwabtanmu a wannan motar, an yi masa irin wannan yankan, jini ya ƙi tsayawa. Uwarsa ta cika ƙwarya biyu da tsummoki kafin mu isa asibiti. Ya rayu, amma ni na wanke kujerar. Ba na son in sake wanke ta da jinin 'yata.

A wannan daminar na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bayan la'asar muke zama a wani aji na makarantar firamare a Karaye, mu goma sha wani abu, duk magidanta, gwiwoyinmu ba sa shiga ƙarƙashin teburan yara. Na yi mako uku ban buɗe baki ba. Malaminmu, wani siririn mutum mai haƙuri, bai taɓa tsawata mini ba. Sai ya nuna harafi ya faɗa, ya sake faɗa, ya sake faɗa, sannan ya yi shiru yana kallon allo, ba ya kallona. Shirun nan nasa shi ya fi komai aiki. Ran nan na ji bakina ya cike gurbin da kansa. Da aka tashi na ce masa, "Malam, ba ka gajiya da maimaitawa?" Ya ce, "Ni in faɗa sau goma, ku ku faɗa sau ɗaya, ai na ci riba. Ku dai ku ji tukuna."

A hanyar gida na yi ta juya maganar. Wa ya taɓa faɗa wa 'yar Inna wani abu sau goma? Wa ya taɓa faɗa mata ko sau ɗaya? Na san tana ji, domin duk ranar da na shiga ƙauyen na danna hon, ita ke fara leƙowa ta zaure.

To, duk ranar kasuwar Rogo nakan biya in ɗauki Inna da daddawarta. A da a baya take zama cikin mata, da yarinyar a goye. Ranar na buɗe mata ƙofar gaba, na nuna mata hadari, na nuna kujera. Wani mai sayar da goro da ya saba zama a nan ya ɓata rai, na ce masa tsohuwa ce, ya yi haƙuri. Inna ta zauna, ta ɗora yarinyar a cinya, ta rungume ta ta ciki. Kafin mu fita daga gari Inna ta fara gyangyaɗi.

Na kashe rediyo. Na ɗaga gilashi. Mutanen baya ba sa jin komai sai ƙarar inji, Inna ba ta ji, ni kuma idona yana kan hanya, ba wanda zai ce ya ga ina kallon 'yata. Duk da haka sai da muka yi tafiya mai nisa kafin in iya buɗe baki. Gumi ya jiƙa mini riga kamar wanda zai yi sata.

Abin da na fara ce wa 'yata a duniya shi ne, "Rami."

Domin ramin ne a gabanmu. Hanyar burji ce, damina ta cinye ta. Na ce, "Rami. Ga rami. Mun shiga rami. Mun fita." Ta gefen ido na ga ta juyo tana kallon bakina. Na ci gaba. Saniya. Farar saniya. Saniya tana cin ciyawa. Keke. Mutum a kan keke. Dawa. Kuka. Ga wata kuka babba. Duk abin da ya gifta sai na kira sunansa, in ƙara masa abu ɗaya ko biyu, sannan in yi shiru irin na malaminmu. Ba ta ce komai ba. Da yamma muka dawo, na sake yi. Ba ta ce komai ba.

Haka muka yi kasuwa biyar. Ba zan ɓoye ba, a ta huɗu na fara cewa a raina ko Yaya ne ke da gaskiya. Amma na tuna mako ukuna a aji, na ce ita da aka yi wa shiru shekara biyu, ai ba ni ne zan gaji a wata ɗaya ba. Sai na nemi ƙarin hanya. Na ce wa Inna, da hannu da baki, daddawarta za ta fi tafiya a Karaye. Ta yarda, muka koma tafiya sau biyu a mako.

A kasuwa ta shida, muna gab da wani kwari da ruwa ya zaizaye, na ce, "Ga..." sai na tsaya, don ina canza giya. Wata 'yar murya, siririya, a dishe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, ta ce, "Ami."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Ban juya ba. Na ce, "I, rami. Babban rami." Muka shiga muka fita. Hawaye ya hana ni ganin hanya, na sa hannun riga na share, na ce wa kaina ƙura ce, alhali ruwa aka yi daren jiya.

Daga nan abin ya ɓalle kamar gero a bakin buhu. In fasinja ya buga rufin mota don in tsaya, sai ta riga ni cewa, "Tsaya!" Ta koyi hon kafin ta koyi sunan hancinta. Na lura in na tambaye ta "Mene ne wancan?" sai ta yi shiru, amma in na ce "Akuya ce ko tunkiya?" sai ta zaɓa. In ta ce "akuya", sai in ce "jar akuya tana gudu", bayan kwana kaɗan in ji ta mayar mini da shi duka. In ta faɗi abu a karkace ba na ce mata ta yi kuskure, sai in faɗe shi daidai in wuce. Da abubuwan hanya suka ƙare mana, na shiga ba ta labarin inda za mu da wanda za mu gani: yanzu za mu wuce masu nono, bayan masu nono sai gada, bayan gada sai me? Ta ce kasuwa. Watarana na karanta mata rubutun da ke bayan wata babbar mota da ke gabanmu, harafi harafi, ni ma ina koyo. Mota ta tsere mana kafin in kai ƙarshe. Ta ce, "Ta gudu." Muka yi dariya tare, karo na farko.

Ba ni na koya mata ta ce mini Baba ba. Wata yarinya ta ji tana kiran ubanta a tasha, da muka shiga mota ta gwada a kaina. Na amsa.

Sai dai akwai matsala. A mota kaɗai take magana. Da na kashe inji na buɗe ƙofa, sai bakinta ya rufe, ta koma nuni da leɓe. Laifina ne, domin ni ma haka nake yi. Da ƙafata ta taɓa ƙasa sai in zama wani mutum, in wuce ta kamar ban san ta ba. Ta ɗauka magana wani abu ne da ake yi a gaban mota, idan inji yana aiki, kuma sai ni na fara.

Ashe Inna ba barci take yi ba kullum. Wata rana da muka sauka a Rogo, ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjin yarinyar, ta ce da babbar muryarta da ba ta san ƙarfinta ba, "Auta, nan wurin yana rawa in muna tafiya. Tun tsakiyar damina hannuna ke ji. Ƙawata tana magana, ko?" Na duba hagu da dama, na gyaɗa kai. Ta yi guɗa a tsakiyar tasha, mutane suka juyo, na shige ƙarƙashin mota kamar ina duba wani abu.

Inna ta faɗa wa Yaya. Bayan kwana biyu ya zo Karaye a kan kekensa.

Ya ce, "Inna ta ce wai 'yarta tana magana. Inna da ba ta jin aradu, ita ce ta ji muryar yarinya? Na zauna da ita jiya tun azahar har la'asar, na ba ta alewa, na yi mata tambaya ta fi ashirin. Ko tari ba ta yi ba. Kai da kake ɗaukarsu, ka taɓa jin wani abu?"

Direbobi uku suna zaune a benci suna saurare. In na ce na ji, za a ce me take cewa, da wa take magana. Sai in ce da ni, ni ne nake zuba hira da 'yar fari kamar abokiyata, a gaban mahaifiyata. Kafin magariba duk tasha ta sani.

Na ce, "Ni hanya nake kallo, Yaya."

Ya ce, "To shi ke nan. Mun gama cirar gyaɗa shekaranjiya. Kasuwa mai zuwa ka ajiye mini wuri a gaba."

Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Na je aji da yamma, malam ya nuna harafin da na sani sarai, na kasa faɗa.

Ranar kasuwa ta zo. Bayan mota ya cika: buhunan gyaɗa, mata uku masu nono, da wata mai ginin tukwane daga Tudun Kaya da ta jera kayanta cikin ciyawa tana ta gargaɗina in bi a hankali. A gaba muka matsu mu huɗu. Ni, sai Inna da yarinyar a cinya, sai Yaya a bakin ƙofa da sabuwar hularsa. Inna ta ƙi kallonsa. Ta rungume yarinyar da hannu biyu.

Na tayar da mota. Yarinyar ta ɗago ta dube ni tana jira. Na yi shiru. Muka wuce kukar farko, na yi shiru. Muka wuce garken shanu, ta sake dubana, ta buɗe baki ta rufe. Muka shiga rami muka fita, ba wanda ya kira sunansa. Yaya yana ta ba ni labarin farashin taki, ina cewa i, i. Muka wuce masu nono. Na san daga gada zuwa rumfar wanzami bai fi tafiyar minti goma ba.

Na yi addu'a a zuci. Sannan, a gaban yayana, a gaban uwata, na kira 'yata da sunanta na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar da liman ya raɗa shi.

Yaya ya katse maganarsa kamar an mare shi.

Na ce, "Bayan masu nono sai me?"

Ta dubi Yaya, ta dube ni. Na yi shirun malaminmu, idona a kan hanya. Yaya ya ja numfashi zai yi magana, Inna ta dafe masa gwiwa.

"Gada," in ji ta.

Na ce, "Bayan gada fa?"

"Kasuwa. Baba, ba ka ce rami ba. Mun shiga rami babba ba ka ce ba. Da saniya. Farar saniya da ɗanta."

Na ce, "Na yi laifi. Wancan fa, jaki ne ko doki?"

"Jaki ne, ya ɗauko kara. Baba, wancan mutumin ya faɗi da keke? A'a, sauka ya yi."

Yaya ya buɗe baki, bai rufe ba. Ta juya ta ƙare masa kallo, daga hula har gemu. Sannan ta matso kusa da ni, ta rage murya kamar mai jin tausayi, ta ce, "Baba, Baffa bai iya magana ba?"

Dariyar da Yaya ya fashe da ita, tun muna yara ban ji irinta ba. Ya buga gaban mota da tafin hannu yana cewa, "La ilaha illallahu! Ni ne ban iya ba? Ni? Kai direba, ka ji 'yar banzar yarinya! A juya da ni, ni za a kai wa wanzamin!" Inna ta ga yana dariya, ta ji ƙirjin yarinyar yana rawa, ta saki guɗa a cikin kunnena.

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba a duk tafiye-tafiyenmu. Na ɗauke ido daga hanya na dubi 'yata sosai, fuska da fuska. Tana da 'yar wushirya. Ban sani ba sai ranar.

Ban ga kwanar da ke gaban gada ba. Tayar hagu ta sauka daga burji, motar ta zame a hankali, ta kwanta da gefe cikin wani kududdufi da damina ta bari. Ba gudu nake yi ba, Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Amma na ji ƙarar tukwane ɗaya bayan ɗaya, na ji salatin mata, na ji mai tukwane tana kiran sunan kakannina.

Muka fito ta ƙofar Yaya, ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya tsaya cikin ruwa har gwiwa, kansa babu hula, ya ɗauki yarinyar ya ɗora a kafaɗa. Inji a kashe, ƙafafun kowa a ƙasa, mutane sun taru. Ta dubi motar, ta dubi taron, ta ce da ƙarfi, "Mun shiga rami. Ba mu fita ba."

Ko mai tukwanen sai da ta yi dariya.

Muna jiran masu shanun huɗa su zo su ja mu, Yaya ya ja ni gefe. Ya ce, "Wato kai ne marar kunyar da ke kiran sunan 'yar fari a gaban Inna."

Na ce, "Inna ba ta ji, Yaya."

"Ni fa?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ni ma ban ji ba. Inji ya cika ƙara." Ya matse bakin rigarsa. "Gobe zan fitar da hanya ta cikin gona tsakanin gidana da na Inna, yarana su riƙa shiga. Rijiyar nan kuma zan sa a yi mata murfi. Kai kuma ka ci gaba da ɗaukarsu, amma don Allah ka riƙa kallon hanya."

Ba mu isa Rogo ba ranar, kuma babu wanda ya sake ambatar wanzami. Sai bayan la'asar bijimai huɗu suka fitar da motar. Kafin mu tashi na zagaya na duba ɓarnar, mai tukwane tana biye da ni tana nuna mini da yatsa. Randa biyu sun fashe, da tukwane tara, da kasko ɗaya. Ƙwaryar nono uku sun zube. Buhun gyaɗa ɗaya ya jiƙe. Daddawar Inna ta kasuwa guda ta narke a ruwa. Fitilar hagu ta mutu, madubin gefe ya karye. Hular Yaya kuma ba a gan ta ba.